Rigar da ba ni na ɗinka ba

Shekarun baya can, tun ina budurwa a gidanmu na Gwarzo, an taɓa ba ni kyautar keken ɗinki a gaban jama'a, har da tafi da guɗa. 'Yan matan da ke bibiyata a nan sun sha cewa in riƙa ba su labarin da. To yau ga guda, sai dai ba mai daɗi ba ne, kuma ni ce marar gaskiya a cikinsa.

Lokacin ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an yi layi, madara ta zama ta marar lafiya, mazan da suka tafi Kano aikin kamfani suna ta dawowa gida da 'yan jakunkunansu saboda an rage ma'aikata. Ni kuwa na gama aji uku na sakandare na zauna, don mahaifina ya ce nauyi ya yi masa yawa, a bar ƙannena maza su ci gaba tukuna. Ba abin da nake yi sai shara da wanke-wanke da surutu. Ana haka aka yi shela cewa an buɗe ajin koyon sana'a na mata a firamaren bayan unguwarmu, idan yara sun tashi. Mahaifiyata ta ce, "Tashi ki je, ko kunnena ya huta."

Sau uku ake zuwa a mako, daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya. Ajin ya tara kowa da kowa. Tsofaffi suna gefe suna koyon haɗa sabulu da man shafawa, ƙananan yara mata suna baya a kan tabarma da kwarashi suna saƙa, mu kuma 'yan ɗinki muna gaba. Keke biyu ne a ajin, ɗaya ya mutu tun kafin mu zo, ɗayan kuma layi ake yi masa kamar famfo. Yadi ya yi tsada, don haka a takardar buhun siminti muke koyon yanka. Malamarmu wata dattijuwa ce 'yar Kabo, ba ta da yawan dariya. Ranar farko ta gaya mana cewa bayan wata tara za a yi jarrabawa, kuma wadda ta zo ta ɗaya ofishin ƙaramar hukuma zai ba ta sabon keke.

Ni dai ban saka raina ba, don na san hannuna. Na taɓa ɗinke bakin aljihu gaba ɗaya, na kai wa Malama ina murmushi. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Wannan mai rowa kika ɗinka wa?" Aka yi ta dariya, har da ni.

A nan na haɗu da ƙawata. Ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce mata Yaya. 'Yar Dugabau ce. Mijinta yana cikin waɗanda aka sallama daga masaƙa a Kano, ya dawo ya kama noma, damina ɗaya ya yi ciwo ya kwantar da shi, ya rasu. Da ta fita takaba sai ta zo wurin gwaggonta a Gwarzo da 'ya'yanta biyu, mace 'yar shekara shida da namiji na goye. Ba ta yi boko ba, lambobin da ke jikin tef ma ba ta sani ba, da taƙi take awo. Amma idan ta riƙe almakashi sai ka rantse da shi aka haife ta. Sai muka yi musaya, ni ina koya mata lamba, ita tana gyara mini ɓarnata. Ƙunzugun rogo ɗaya muke rabawa, hanya ɗaya muke bi zuwa gida, wani lokacin ni nake goya mata yaron idan layinta na keke ya zo.

Wata rana muna tafe ta ce mini, "Kin san me ya kawo ni ajin nan?"

Na ce, "Ɗinki mana, Yaya."

Ta ce, "Wan mijina ya ce idan ba ni da abin riƙe yaran nan, in kai masa su can garin Madadi ya haɗa da nasa. Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. Gwaggo ma ƙarfin hali take yi da mu. Amma in Allah ya ba ni keken nan, gida zan koma in ajiye shi a ɗakin Innata. Ɗinkin salla kaɗai ya ishe mu hatsi. Ba mai raba ni da su."

Na ce, "Ai naki ne, Yaya. Wa zai ja da ke a ajin nan?"

Da gaske nake a lokacin. Kowa ma ya san haka.

Da jarrabawa ta zo, aka ba kowace yadi, aka ce ta ɗinko rigar yarinya mai tattara da aljihu, cikin mako guda. Ni da rawar kai ban tsaya na auna sau biyu ba, na sa almakashi. Sai da na gama na ga na yanke gaban ya fi bayan gajarta da kusan taƙi guda, wuyan kuma ya yi faɗin da kan babba zai wuce. Ba wani yadin da za a ƙara mini. Na zauna bayan aji ina kuka, ba don keke ba, don mahaifina. Yana cikin masu yi wa hakimi rubutu, kuma an ce zai zo bikin yaye mu. Ina tunanin yadda za a ɗaga wannan abu a gabansa.

Ƙawata ta same ni a nan. Ta karɓi yadin ta shimfiɗa a cinyarta, ta daɗe tana kallo. A makon nan yaronta yana fama da zazzaɓi, ita kanta idonta ya faɗa.

Ta ce, "Share hawayenki. Kawo in ga abin da zan iya, ko dai a ce kin kawo wani abu."

Bayan kwana uku ta miƙo mini ƙunshi a hanya. Da na buɗe sai da na ja numfashi. Ta rage rigar ta mayar da ita ta ƙaramar yarinya. Inda yadin ya gaza, ta yanki bakin wani zaninta na atamfa ta yi masa gewaye a wuya da ƙasa da bakin aljihu, har abin ya zama kamar da gangan aka tsara shi. Da yake layin kekenta ɗaya ne, ta bar shi don tata rigar, tawa da hannu ta ɗinke ta, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran tururuwa. Tata kuwa a gurguje ta haɗa ta ranar ƙarshe, yaro yana kuka a bayanta. Ta yi kyau, amma ba ado ko ɗaya.

Da na kai wa Malama, ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Hannunki ne wannan?"

Na ce, "Eh, Malama."

Ta ƙara kallona, kallon da har yau ina jin sa a jikina. Ta ce, "To." Ta rubuta sunana a takarda ta maƙala.

Wallahi a raina cewa nake, ai ba komai, ni dai in tsira daga kunya, keke kuwa na Yaya ne. Ban san cewa ba Malama ce za ta zaɓa ba. Wasu mata aka turo daga ofis, waɗanda ba su san kowa a cikinmu ba, suka bi riguna ɗaya bayan ɗaya.

Ranar bikin an jera kujeru a filin makaranta, wakilin hakimi ya zo, mahaifina yana zaune a bayansa da babbar riga. Ga keken a kan tebur, baƙi wuluk yana sheƙi. Aka yi jawabai, yara suka nuna hulunan da suka saƙa, tsofaffi suka nuna sabulunsu. Sai wata Hajiya daga cikin baƙin ta ɗaga riga sama. Tun daga nesa na gane gewayen atamfar nan. Ta kira sunana.

Na waiwaya, na hango ƙawata a tsaye can baya da goyonta, 'yarta tana riƙe da gefen zaninta. Idonmu ya haɗu. Magana ɗaya ce ta rage mini in faɗa, kuma duk wanda ke wurin zai ji. Sai na ga mahaifina yana gyara zama yana murmushi, mutanen gefensa suna miƙa masa hannu. Na tashi na tafi na durƙusa na karɓa.

Guɗar farko da aka yi, muryarta ce.

Da aka watse ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya sanya alheri, ƙanwata." Na ce amin ina kallon ƙasa. Ta ɗan tsaya kamar tana jiran in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ta ja hannun 'yarta suka tafi.

A gida mahaifina ya sa aka ajiye keken a tsakar gida, maƙwabta suna ta shigowa gani. Mahaifiyata ta bari sai da kowa ya fita. Ta ɗauki rigar ta duba, ta kira ni ɗaki.

"Ni na haife ki. Maɓallin rigarki ma ni nake sa miki. Wa ya yi wannan?"

Na fashe da kuka na gaya mata komai, har da zancen yaran.

Ta yi salati ta ce, "Gobe ki je ki gaya wa malamarku. Ko kuwa ki gaya wa babanki da bakinki, ya san yadda zai yi a mayar wa mai abu abinta."

"Inna, Baba zai kashe ni. Ya riga ya gaya wa kowa a fada."

"Ba zai kashe ki ba. Zai ji kunya, ya warke. Ni ba zan faɗa miki ba, ke kika ɗaura, ke za ki kwance."

Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi. Kullum idan na ji sallamar mahaifina sai in shirya maganar a bakina, idan ya shigo ya ce, "Ina telar gidan nan?" sai ta koma ciki. Da mako ya zagayo sai abin ya ƙara nauyi, don yanzu ba ƙaryar kaɗai zan amsa ba, har da shirun da na yi.

Sau biyu ƙawata tana zuwa gidanmu. Na farko ina jin sallamarta na shige bayan ƙyaure na ce wa mahaifiyata ta ce ba na nan. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta yi ƙarya ba, ta fita ta ce, "Tana ciki, amma ta ƙi fitowa. Ki yi haƙuri, 'yar nan." Ina jin su suka gaisa, aka ba ta ruwa, ta zauna jim kaɗan ta tafi. Na biyu ma haka. Daga nan ba ta sake zuwa ba. Idan aka aike ni kasuwa sai in zagaye ta wata hanya don kada in bi ta ƙofar gwaggonta. Kafin kaka na ji labarin ta koma Dugabau ita kaɗai, an kai yaran Madadi.

Ajin ma bai daɗe ba. Shekara ta gaba aka daina biyan Malama alawus, ta yi 'yan watanni tana zuwa a haka, daga baya ta koma Kabo, aka rufe. Ni kuma na yi aure, aka kai keken ɗakina cikin kayan aure. Na lulluɓe shi da zani na jera kwanuka a kai. Idan aka tambaye ni me ya sa ba na ɗinki, sai in ce bayana ke ciwo. Haka na haifi 'ya'ya huɗu, kayan sunansu duk wurin tela na kai.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, hijabi ya zama abin nema. Duk macen da ke da keke a unguwarmu ba ta zama, har daga ƙauyuka ake kawo yadi. Maƙwabta suka yi ta zuwa aron nawa ina hanawa, ni ban yi ba, ban bar wani ya yi ba. A shekarar ne mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali. Mahaifina ya riga ta da shekara uku, ya tafi bai sani ba. Wata rana ina ba ta kunu da la'asar, ta kawar da kai ta ce, "Har yanzu kayan mutane yana ɗakinki?"

Na ce, "Yana nan, Inna."

Ta ce, "Kowa yana ta zancen shari'a a bakin titi. Ke taki tana ƙarƙashin kwanuka."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu. Bayan an yi arba'in na zaunar da maigidana na gaya masa. Ya ce, "Shekara nawa ke nan?" Na ce sha uku. Washegari ya samo motar a-kori-kura, aka sa wa keken mai, aka ɗora.

Damina ce, dawa ta rufe hanya ta ko'ina. Da tambaya muka sami gidan, gidan ƙaninta ne, a nan take zaune. Na same ta a tsakar gida tana ɓarzar masara a dutse. Ta tsufa fiye da shekarunta. Na yi sallama ta amsa, ta ɗago tana kallon gefena, ba ni ba. Sai na lura da farin da ya rufe idanunta.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina yara, ya damina, ya aka ji da haƙurin Inna da na gaya mata. Tun a sallama ta gane muryata, ta faɗa mini daga baya. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na kasa sha.

Na ce, "Yaya, ina yaran?"

Ta ce macen tana can an yi mata aure a wajen Kutama, takan zo jefi-jefi, amma matar wan uban take kira Inna. Namijin kuwa bai shekara a Madadi ba ƙyanda ta ɗauke shi. "Sai bayan an binne aka aiko mini," in ji ta. "Kwanansa ne ya ƙare. Ko yana bayana zai tafi."

Na durƙusa a gabanta na faɗi abin da na zo faɗa, ina yi ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce keken yana waje, nata ne, tun asali nata ne, ta yafe mini.

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Yanzu kuma me zan yi da shi? Ramin allura rabona da gani an fi shekara biyar."

Ta goge hannunta da zani, ta lalubo nawa ta riƙe.

"Bari in gaya miki gaskiya, tunda kin zo. Ranar nan na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni na ɗinka rigar da hannuna, ba ki roƙe ni ba. Kuma na ga babanki a zaune, na san abin da ya riƙe bakinki. Kafin in kai gida na yafe. Kin san abin da ya kai ni gidanku har sau biyu? Cewa zan yi ki bar ni in riƙa zuwa ina ɗinki a ɗakinki, ina koya miki, abin da aka samu mu raba. Da ya ishe mu, ni da ke. Ba karɓewa na zo yi ba."

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Lokacin ba ni da kowa a garinku sai Gwaggo sai ke. Keke ai ƙarfe ne. Abin da ya yi mini ciwo, ke ce da kika ƙi fitowa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta sake ni ta ce in sha furar kada ta tsinke. Keken kuma ta ce a shigo da shi zaure, akwai 'yan matan maƙwabta da ke son koyo, za ta riƙa gaya musu da baki.

A hanyar dawowa maigidana ya tambaye ni ko ta yafe. Na ce ta yafe. Ya ce to alhamdu lillahi, ai shi ke nan. Duk shekarun nan ina zaton abin da na tsere wa shi ne a ƙwace mini keke a tozarta ni. Ashe mafita ce ta biyo ni har gida da ƙafarta, na shige bayan ƙyaure.

Bayan nan duk salla nakan je in gaishe ta, na yi haka shekara huɗu. Tana karɓata da mutunci, amma zumuncinmu na da bai dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Zuwana na ƙarshe ne kaɗai muka yi dariya. Ta kama bakin hijabina tana shafawa da yatsa, ta ce, "Wa ya yi miki wannan kalmasar? Ki daina kai masa, bai iya ba." Muka yi ta dariya har tana tari. Kafin babbar salla ƙaninta ya aiko cewa ta rasu.

Yanzu ina da jikoki, gashina ya yi fari, kuma an yafe mini tun tuni. Amma na gane yafiya tana sauke zunubi ne, ba ta mayar wa uwa shekarun da ba ta yi da 'ya'yanta ba. Ban ce da na fito yaron zai rayu ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani, ko da zai rasu, da a hannun uwarsa zai rasu.

Ƙaryar da na yi ta minti ɗaya ce, kuma yarinta ce. Ɓuyan da na yi shi ne na shekara goma sha uku, shi kuma da hankalina na yi shi. In akwai wanda kuke zagaye hanya don kada ku haɗu da shi, ku je yau, tun yana iya ganin fuskarku.

Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ita da ɗanta. Allah ya haskaka kabarinta.